Murfin Gwangwani a Wuyan Auta

Shekara bakwai na yi ina koyar da Turanci a wani gida a unguwar Gwallameji a Bauchi, kuma har yau duk wanda ya ji 'yan matan gidan suna magana sai ya tambayi wace ce malamarsu. Da can ina jin daɗin wannan tambaya, kaina har kumbura yake yi. Yanzu idan aka yi ta sai in canza zance.

Lokacin da na fara, ban daɗe da gama karatun koyarwa ba, ina zaune a ɗakin haya a Yelwa, ina ta yawo da takardu babu wanda ya ɗauke ni aiki. Wata maƙwabciyata ce ta ce akwai wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a kasuwar Wunti da yake neman malama mace, wadda za ta riƙa zuwa gida tana koya wa 'ya'yansa. Ba ya son makaranta. Ya ce ta gwamnati kullum yajin aiki, ta kuɗi kuma yara suna dawowa da ɗabi'un da ba a aike su ɗaukowa ba. Akwai malamin da ke zuwa don Alƙur'ani, akwai wata mai zuwa don lissafi da kimiyya, ni kuma Turanci, kullum daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, ban da Juma'a.

Ranar da muka fara haɗuwa ya ba ni labarin abin da ya ci masa rai. Ya je wani ofis, wata yarinya da ba ta kai sa'ar ƙanwarsa ba ta zuba masa Turanci, ya ji kunyar cewa bai gane ba, ya sa hannu a inda bai kamata ba, mutanen da ke layi suka yi dariya. Shekaru sun wuce amma abin bai bar ransa ba.

"Malama," ya ce, "ina so 'ya'yana su yi Turancin da babu wanda zai yi musu dariya. Duk abin da za ki yi, ki yi."

Na ce, "In Allah ya yarda, Alhaji."

Yaran biyu ne, duka mata. Babbar tana da shekara tara, mai shiru, mai son a ce ita ce daidai. Ƙaramar, wadda kowa ke kira Auta, tana da biyar, bakinta ba ya hutawa. Mahaifiyarsu ta yi sakandare, tana jin Turanci daidai gwargwado. Sai kuma kakarsu, mahaifiyar Alhaji, wadda aka ɗauko daga ruga bayan mijinta ya rasu, aka ba ta ɗaki a ƙuryar tsakar gida. Fillanci ne harshenta. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ni da nake jin kaina malamar nahawu, na tuna har murmushin raini nake yi a zuciyata idan ta ce mini, "Malama, ka zo lafiya?"

Ita da Auta kuwa ba a raba su. Duk safiya sai na aika a ɗauko yarinyar daga ɗakin tsohuwar, bakinta fari da nono. Tsohuwar tana kiranta "ƙawata", tana tsokanarta wai ta fiye ci, Auta tana ramawa wai Kaka ba ta da haƙora. Rabi Hausa rabi Fillanci suke yi, suna dariyar da ake ji har waje.

Shekarar farko sunayen abubuwa muka yi. Na yanka takardu na manna a jikin ƙofa da taga da randa da tabarma, kowanne da sunansa na Turanci, har gidan ya koma kamar shagon da aka sa wa kaya farashi. A shekara ta biyu muka shiga aikatau, wanda ake yi yanzu da wanda aka riga aka yi. A nan na ga matsala. Yaran suna cika littafi daidai, amma ina rufe jakata sai su koma Hausa, washegari in tarar rabin abin da na zuba ya zube.

Sai na tuna abin da aka yi mana a makarantar kwana. Akwai wani ƙashin saniya da aka huda aka sa wa igiya. Duk wadda aka kama tana Hausa sai a rataya mata, ita kuma ta yi ta kasa kunne har ta kama wata ta miƙa mata. Wadda ƙashin ya kwana a wuyanta ita ke shan bulala da safe. Na sha shi ba sau ɗaya ba, na tsane shi, na tsani shugabar ɗaliban da ke yawo da shi. Amma da na zama malama, shi ne abin da ya fara zuwa mini a rai, don na yi imani shi ya buɗe mini baki. Ban kawo ƙashi gidan mutane ba. Murfin gwangwanin madara na huda da ƙusa, na zura masa jan zare.

Da farko a cikin awa ukun darasi kawai dokar take aiki. Cikin wata biyu aka ga bambanci. Wata rana Alhaji ya dawo da wuri ya ji Auta tana roƙon ruwa da Turanci, ya tsaya cak a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Da aka yi masa bayanin murfin, sai ya ce me ya sa za a tsaya a awa uku? A yi yini gaba ɗaya. Ban da lokacin karatun Alƙur'ani, kada a sake jin wani harshe a bakinsu. Shi zai riƙa yi musu Hausa, su mayar masa da Turanci. Haka kuwa aka yi, suna magana yana gyaɗa kai, rabi bai gane ba, fuskarsa cike da fara'a.

Ya kamata a ce na yi magana a ranar. A makarantarmu akwai hutu, akwai gida da muke komawa mu yi Hausa har mu gaji. Waɗannan yaran makarantarsu ita ce gidansu, babu ƙararrawar tashi, babu ƙofar da za su fita su bar dokar a baya. Wannan lissafin bai fi ƙarfina ba, kawai ban yi shi ba, saboda ana yabona kuma yabon ya yi mini daɗi.

Hukuncin wadda na tarar da murfin a wuyanta da safe shi ne durƙuso da ɗaga hannu, da rubuta jimla ɗaya sau ɗari. Mahaifiyarsu ta ƙara nata, ta ce ranar babu kallon talabijin. Da yake su biyu ne kawai, babu wanda za a miƙa wa sai 'yar'uwa. Babbar ta iya kame bakinta. Don haka kusan kullum a wuyan Auta yake kwana, kuma kusan kullum a ɗakin kakarta take samo shi.

Tsohuwar ba ta gane ba da farko. Ta ɗauka laya ce ta buɗe ƙwaƙwalwa da malaman boko ke bayarwa. Har gyara wa Auta zaren take yi, tana cewa ya yi mata kyau. Babu wanda ya zauna ya yi mata bayani. Da kanta ta lura cewa duk ranar da suka yi hira mai daɗi, washegari yarinyar tana durƙushe.

A shekara ta uku, lokacin muna fama da aikatan nan masu taurin kai da ba sa bin ƙa'ida sai dai a haddace su, wata rana na fito zan nemi keke napep sai na same ta tsaye a gindin bishiyar mangwaron da ke kusa da ƙofa. Ba ta saba zuwa wajen ba. Tana riƙe da kwalbar man shanu, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malama, ka yi haƙuri, zan roƙe ka abu."

Na ce, "Inna, ki faɗa."

"Ka gaya wa mai gidan nan, a bar mini la'asar. Daga la'asar zuwa magariba kawai. Sauran duk naku ne."

Mai gidan nan ɗanta take nufi. Alhaji ɗanta ne na fari, kuma a al'adarsu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi doguwar magana, ba ta nuna masa buƙatarta. Idan ya zo gaishe ta da safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska gefe ta amsa a taƙaice. A cikin shekarun da na yi a gidan ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Surukarta kuma ba za ta kai wa ƙarar ɗanta ba. Cikin gidan kaf ni kaɗai ce baƙuwar da za ta iya aika, kuma sai da ta danne kunya mai yawa kafin ta tsaya a gindin bishiyar nan.

Na ce, "To Inna, zan faɗa masa."

Ban faɗa ba. A makon ne Alhaji ya kira ni falo yana da baƙi, abokan kasuwancinsa, ya sa babbar ta karanta musu jarida. Suna ta "Masha Allah", ɗaya yana tambaya ko ina da lokacin da zan riƙa zuwa gidansa. Maganar tsohuwa tana bakina na haɗiye ta. Na gaya wa kaina awa biyu na Hausa da Fillanci kullum za su warware abin da na ɗaura, na kuma ji tsoron kada Alhaji ya ga kamar na fara sanyi. Da ta tare ni da ido bayan kwana biyu, sai na ce, "Inna, a ɗan ƙara haƙuri, bakinsu ya zauna tukuna." Ta ce to. Ba ta sake tambaya ba. Man shanun kuwa na kai ɗakina na ci shi da shinkafa da wake har ya ƙare.

A shekara ta huɗu muka zo kan yadda ake ba da rahoton maganar wani, yadda lokaci ke komawa baya idan ka ce wane ya ce kaza. Abu ne mai wuya, manya ma suna tuntuɓe a kai. Wata safiya ina shiga, babbar ta miƙe ta ce tana da rahoto. Ta faɗa da Turanci cewa jiya ta ji Auta a ɗakin Kaka ana yi mata kitso, Auta ta ce da Fillanci ta gaji da Turanci, ta ce da ma a kai ta ruga, Kaka kuma ta ce ta yi shiru. Jimla uku, kowane aikatau a mazauninsa, babu kuskure ko ɗaya. Abin da na fara yi shi ne na tafa mata. Na sa ta maimaita don ƙanwarta ta koya. Bayan nan na fitar da Auta tsakar gida na durƙusar da ita a rana da hannu sama, kitson rabi an yi rabi ba a yi ba.

Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofarta da tsinken tsifa a hannu. Ta kalli yarinyar har hannuwanta suka fara rawa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Daga ranar ita ta ɗauki dokar ta riƙe fiye da kowa. Idan Auta ta nufo ɗakinta sai ta kore ta da hannu. Idan ta gaishe ta sai ta gyaɗa kai kawai. Nonon da take ajiye mata ta koma ba mahaifiyar ta miƙa. Auta ta yi kuka sosai a watannin farko. Ta zo ta same ni tana sheshsheƙa, ta tambaye ni da Turanci me ta yi wa Kaka da ta daina sonta. Na san amsar sarai. Na ce mata tsufa ne, tsofaffi haka suke, ta buɗe shafi na gaba.

Yaro ba ya daɗewa yana kuka a kan abu ɗaya. Kafin shekara ta zagayo Auta ta saba. Ta daina leƙa ƙuryar tsakar gidan. Murfin ya daina kwana a wuyan kowa, ya koma rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin karatu. Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin nasara, har na faɗa wa Alhaji cewa yanzu bakinsu ya zauna. Ko a lokacin ban tuna masa da la'asar ɗin da aka roƙa ba. Na ce a raina ai ita ma tsohuwar ta haƙura, me zai sa in tayar da zancen da ya kwanta?

Shekara ta biyar da ta shida wasiƙa da insha'i muka yi. Na koya musu kada su taɓa fara rubutu sai sun jera abin da za su faɗa, ɗaya, biyu, uku. Auta ta fi yayarta a nan. Tana rubuta labarin ruwan sama ko kasuwa har in karanta sau biyu don daɗi. Hausarta tana nan, ba ta ɓace ba, wa zai rasa Hausa a Bauchi? Amma ta koma ta aike da ciniki, gajeriya, babu wasa a cikinta. Fillancin kuwa ya tafi gaba ɗaya. Tsohuwar ina ganinta kullum a kan tabarmarta da carbi, ta rame, tana kallon yaran suna wucewa suna magana da harshen da ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki. Kullum sai ta gaishe ni da fara'a. Da ta zage ni ko sau ɗaya ne da na fi samun sauƙi.

A shekara ta bakwai aka yi wa babbar rajistar jarrabawar gama sakandare a wata makaranta mai zaman kanta. Ta ci Turanci da mafi girman sakamako. Alhaji ya yanka rago, ya aiko mini da turmin atamfa uku daga shagonsa. A daidai lokacin tsohuwar ta kwanta ciwo, ƙafafunta suka kumbura, ta daina fitowa.

Wata rana bayan darasi mahaifiyar yaran ta ce mini tsohuwar ba ta cin abinci, an yi an yi ta ƙi. Na shiga gaishe ta. Shi ne shigata ɗakin na farko cikin shekara bakwai. Ƙwaryarta tana kife a kan taga, ɗakin shiru. Ta buɗe ido ta ce, "Malama, ka zo?" Na kasa daɗewa. Na fito na wuce falo na sami Alhaji, na ce ina ganin lokaci ya yi da za a ɗage dokar, yara su riƙa hira da kakarsu.

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai da ma ba don ita aka sa ba, Malama. Da ta nuna tana so da tuni an bari. Ita ce ma ke korarsu."

Ban taɓa jin haushin mutum da haushin kaina a lokaci guda kamar ranar ba. Ya san mahaifiyarsa, ya san ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙe shi ba. Ni kuma saƙonta yana hannuna shekara huɗu ban isar ba. Ko a ranar ban gaya masa ta aiko ni ba. Na ce, "Haka ne, Alhaji," na fito.

Na kira Auta, lokacin tana da shekara goma sha biyu. Na yi mata magana da Hausa, karo na farko tun tana ƙarama, har ta ɗan ja da baya. Na ce doka ta ƙare, ta je ta zauna da Kaka su yi hira. Ta tafi. Ban gama haɗa littattafaina ba sai ga ta ta dawo.

"Malama, na gaishe ta, ta amsa. Ban san me zan ce kuma ba."

"Kakarki ce fa. Ki faɗi duk abin da ya zo bakinki."

"Babu abin da ya zo." Ta miƙo mini littafinta da biro. "Ki jera mini, kamar na insha'i."

Na karɓa. Na rubuta mata layi uku da Hausa. Ta tambaye ta me take sha'awar ci. Ta tambaye ta sunayen shanun da ta bari a ruga. Ta ce mata idan ta warke tana so ta yi mata kitso. Na yage takardar na ba ta, na bi ta a baya na tsaya daga bakin labule.

Auta ta durƙusa a gefen katifar, ta buɗe takardar ta karanta layin farko da muryar da take karanta mini darasi. Tsohuwar ta juyo da kai a hankali. Da aka zo kan shanu na ga bakinta ya motsa, fuskarta ta saki, ta ɗago hannu ta dafa kan yarinyar, ta ambaci sunan saniya ɗaya. Sai idonta ya kai kan labulen, ta ga ƙafafuna. Nan take ta janye hannun.

"Ya isa, ƙawata," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tashi ka tafi, kar a sa ka a rana."

Na ɗaga labulen na ce, "Inna, an ɗage dokar. Wallahi babu wanda zai taɓa ta."

Ta dube ni ta ce, "Sannu, Malama." Sannan ta juya fuskarta bango.

Auta ta miƙe, na ga sauƙi a fuskarta kamar wadda aka sallama daga jarrabawa. A tsakar gida ta miƙo mini takardar, ta ce ba ta kai ga layi na uku ba. Sannan ta tambaye ni da Turanci mai kyau, babu kuskure ko ɗaya, ko ta karanta daidai. Na ce mata e, ta karanta daidai.